TSAKANINMU DA WUTA: TARIHIN MURHU DA SHAMAKINSA A ZANGUNAN SALAGA, YENDI DA BAWKU



Duk shekara idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, leɓɓa suka tsattsage, hazo ya rufe gari, akwai magana guda da ke komowa zaurukan shugabannin zango, ita ce maganar wuta. Wani ya kawo ƙarar maƙwabcin da ya hura gawayi a jikin dangarsa, wata ta zo neman gudummawa domin ɗanta ya faɗa kasko, wani kuma ɗakinsa ne ya ƙone da duk abin da ya tara. A 'yan shekarun nan sai ga sabuwar tambaya ta shigo daga bakin 'ya'yanmu mazauna Amurka da Jamus da Ingila. Wasunsu suna zaune a gidajen da aka gina wa murhun jin ɗumi mai aiki da gas a kusurwar falo, suna tambayar juna abin da ya fi dacewa a sa a gabansa: ragar ƙarfe ko ƙofar gilashi?

Wanda ya ji wannan tambaya a Salaga zai iya yin dariya, ya ce damuwar mutanen ƙasar dusar ƙanƙara ce. Amma idan aka tuɓe mata rigar Turai, tsohuwar tambaya ce da kakanninmu suka yi ta amsawa tun zamanin fataucin Gwanja: me za a sa tsakanin mutum da wutar da rayuwarsa ba ta yiwuwa sai da ita? Bari mu bi sawun amsoshin da suka bayar, domin a cikinsu akwai abin da zai amfani mai murhun Bronx da mai tukunyar gas a Sabon Garin Bawku baki ɗaya.

WUTAR AYARI

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar da goron ƙasar Asante ke haɗuwa da fataken Hausa. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya bi ta Zugu da Sansanne Mango, ya sauka Yendi, sannan ya gangara Salaga. Wata hanyar kuma ta fito daga ƙasar Mosi da Gurma, ta bi ta Bawku da Gambaga, ɗauke da shanu da tumaki da jakuna. Girman waɗannan ayarori ba ƙarami ba ne. Baturen nan Clapperton ya gamu da ɗaya daga cikinsu a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1000, da dabbobin kaya kwatankwacin haka.

Abin lura shi ne da rani ake wannan tafiya, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta bushe. Ke nan lokacin da Salaga ta fi cika da baƙi shi ne lokacin da ciyawa ta fi bushewa, iska ta fi ƙarfi, sanyin asuba kuma ya fi tilasta wa mutum neman ɗumi. Fatake na sauka a bukkokin ciyawa da aka kakkafa kusa da juna, kowane rukuni da murhunsa na duwatsu uku. A gefe ga huhunan goro, ga ƙullin tufafin Kano, ga buhunan kanwa, dukiyar da aka yi watanni ana ɗawainiya da ita. Tartsatsi ɗaya ya isa ya mayar da madugu matsiyaci kafin a kira assalatu.

Ruwan kashe gobara ma ba a samunsa a banza. Salaga gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa aka haƙa rijiyoyi masu yawa ƙwarai, har garin ya yi suna da su, wasunsu suna nan har yau. Ruwa da itace kayan sayarwa ne a kasuwa, kuma gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba ita ce bayi ne suka fi jan guga da ɗaukar itacen, domin Salaga ta kasance kasuwar bayi kamar yadda ta kasance kasuwar goro.

A irin wannan hali shamakin farko da aka sa tsakanin mutum da wuta shi ne tazara. A share fili, a hura wuta nesa da bukka, a ajiye kaya ta inda iska ba za ta kai musu tartsatsi ba. Shamaki na biyu shi ne ido: ayari ba ya barci gaba ɗaya, masu gadin da ke tsaron ɓarayi da kuraye su ne kuma ke tsaron garwashi.

ƊAKIN DA BA SHI DA KUSURWA

Da baƙi suka zama 'yan gari, wuta ta bi su cikin gida. Ginin da ya fi yawa a ƙasar Dagomba da Gwanja da Kusasi shi ne ɗaki mai da'ira, bango na laka, sama jinka. Attajirai da manyan malamai ne kan gina soro mai rufin ƙasa a kan itatuwa. Gidan Dagomba yana da babban ɗakin shiga da suke kira zong, wanda aikinsa ɗaya da zaurenmu: nan maigida ke karɓar baƙi, nan kuma ake kewaye wuta da asubar hunturu.

Mai karatu ya lura da wani abu: ɗaki mai da'ira ba shi da kusurwa. Babu lungun da za a cusa wuta a manta da ita. Tana zaune ne a tsakiya ko kusa da gado, inda idon kowa ke kanta. Tsoho yana da kaskonsa na garwashi, mai jego tana da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, wanda shi kansa wata hikima ce ta shamaki, domin laka ce ke shan zafin ta bayar da shi a hankali, harshen wuta bai taɓa jiki ba. Girki kuwa a tsakar gida ake yinsa ko a madafa ta daban.

Jinka tana da wata falala da ba a cika ambatonta ba. Hayaƙi na ratsa ta ya fice, iska na shigowa ta ƙarƙashinta da ta jikin asabari ko tufaniyar da aka rufe ƙofa da ita. Hayaƙin da ke ratsawa yana korar sauro, yana hana gara da ƙwari cin itacen rufi, kunkunniyar da yake bari kuma tana nuna ɗakin na da rai. Sai dai wannan jinkar da ke ba mutum numfashi ita ce abincin wuta mafi daɗi. Ta tsare mutane daga shaƙewa, ta kuma buɗe musu ƙofar gobara.

Kafin zuwan ashana, kunna wuta aiki ne. Sai an sami ƙyastu da ƙanƙara da 'yar auduga, a yi ta ƙyastawa. Don haka mata suka ƙware wajen kwantar da wuta: idan an gama tuwon dare sai a tattara garwashi a binne shi da toka, da safe a tona a sa kirare a hura. Wadda tata ta mutu sai ta aiki yarinya ɗebo wuta a maƙwabta cikin katanga. Toka ita ce murfin farko da muka sani. Tana hana iska tayar da tartsatsi, tana kuma barin garwashi da ɗan numfashin da zai kai shi safiya.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. A garuruwan Turai na da, inda gidaje katako ne da ciyawa, akan kaɗa ƙararrawa da dare domin kowa ya rufe wutarsa, har suna da wani murfin ƙarfe na musamman don haka. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran dokar hana fita da ita a yau daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta kuwa rufe wuta. Duk da haka a 1666 wutar da ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi ta cinye gidaje sama da 13,000 a birnin Landan, sai da aka yi doka cewa a sake gina birnin da bulo da dutse.

SHEKARUN DA GARURUWA SUKA CI WUTA

Tarihin garuruwanmu uku yana da nasa tabon. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta a 1874, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Kasuwa ta fara ja da baya. Bafaranshen nan Binger da ya ziyarci garin a 1888 ya tarar da shi bai kai yadda labarinsa ya kai ba. Sai kuma a 1892 rikicin sarautar Kpembe ya ɓarke, Kabachewura Isifa ya zo da taimakon mayaƙa daga maƙwabta ya kori Kpembewura Napo, aka washe Salaga, mutanenta suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, wasu har Ankara. Cikin waɗanda guguwar ta ɗauka har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, Allah ya jiƙansa. Zangunan kudu da yawa daga wannan watsewa suka sami ƙarfinsu.

Shekara huɗu bayan haka sai Yendi. Ranar 4 ga Disamba 1896 rundunar Jamusawa ƙarƙashin Gruner da von Massow ta gamu da mayaƙan Ya Na Andani a Adibo. Dagomba sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma bindigar zamani ta rinjayi ta gargajiya. Da Jamusawa suka shiga Yendi sai suka cinna mata wuta. A duba watan: Disamba ne, tsakiyar hunturu, gari kuma na jinka. Maharin da ya san wannan ba ya buƙatar igwa, bakin wuta ɗaya ya ishe shi.

Zamaninmu ma ya ga irin wannan. Yaƙin 1994 ya ƙone ƙauyuka masu yawa a yankunan Bimbila da Yendi da Salaga, rikicin Bawku kuma ya sha cinye gidaje da shagunan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wannan wuta ce da raga ko gilashi ba sa tare ta, sai adalci da haƙuri da tsoron Allah. Muna roƙon Allah ya kashe ta.

Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne darasin gini da mutane suka ɗauka. Wanda ya ga jinkarsa ta tashi cikin ƙiftawar ido, idan Allah ya hore masa, ba zai so ya sake kwana a ƙarƙashin ciyawa ba. Wannan na cikin abin da ya sa da kwanon rufi ya iso, aka karɓe shi hannu bibbiyu.

ABIN DA MALAMAI DA SARAKUNA SUKA TSARA

Malamai sun zauna a Dagbon tun zamanin Na Zanjina, wajen farkon ƙarni na 18, Wangarawa da Hausawa, kuma sun zo da littattafansu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Buhari da Muslim suka ruwaito, game da wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta idan za a kwanta. Akwai kuma ruwayar da ta yi gargaɗi a kan ɓera, wanda kan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. A fiƙihun Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya sanya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke jawo wa mutum biyan abin da ya lalace. Ke nan a wurin malamanmu gobara ƙaddara ce, amma sakaci yana da hukunci. Har yau idan aka kawo irin wannan ƙara gaban dattawa, tambayoyin da ake fara yi ba su sauya ba: a ina ka hura, yaushe ka hura, wa ka bari yana tsaro?

Makarantar allo ma ta koyar da ladabin wuta a aikace. Karatun dare a bakin wutar kara ake yi, almajirai su kawo makamashi, su zauna a da'ira, babba a cikinsu yana kula da ita, ba a tashi sai an kashe.

Masu masaukinmu kuma suna da nasu tsarin. Bikin Bugum na Dagomba da Mamprusi, wanda Gwanjawa ke kira Jintigi, ana yinsa a daren tara ga watan da muke kira na cika-ciki, wato Muharram. Ana fita da damin ciyawa mai ci da wuta, sarki ne ke fara kunnawa, a yi jerin gwano zuwa bayan gari a jefar. Ko me mutum zai ce game da asalin bikin, tsarinsa na nuna fahimtar mutanen da ke zaune cikin jinka: wuta tana da mai ba da izininta, tana da hanyar da take bi, kuma ƙarshenta wajen gari.

KWANO, KUSURWA DA ƘWAN FITILA

Yarjejeniyar 1899 ta raba yankin, Salaga ta faɗa hannun Ingilishi, Yendi ta faɗa hannun Jamusawa har zuwa 1914. Da hanyoyin mota suka buɗe a ƙarni na 20, kayan kantunan bakin teku suka hauro arewa: ashana, kananzir, fitila, kwanon rufi, daga baya siminti. Kwano kuwa ba ya zama a kan da'ira sai da wahala, yana son bango miƙaƙƙe. Sai ginin laka mai kusurwa huɗu ya yaɗu, irin wanda ake kira atakwame da sunan garin Atakpame na Togo. Zanguna suka cika da gidajen haya masu jerin ɗakuna, kowane iyali ɗaki ɗaya da ɗan baranda.

A nan ne kusurwa ta shigo rayuwarmu, wuta kuma ta sami lungu. Kurfoti na ƙarfe ya maye gurbin kasko, ana iya ɗaukarsa a shiga da shi ɗaki a tura shi bayan ƙyaure. Kwano ya yi maganin tartsatsin da ke faɗowa daga gidan maƙwabci, amma ya zo da nasa sharrin. Bangon siminti da ƙyauren katako da taga mai rufuwa ba sa numfashi kamar jinka da asabari. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, daga nan sai dai a fasa ƙofa. Kakanninmu sun kwana da garwashi shekaru aru-aru domin ɗakinsu a buɗe yake ta sama. Mu mun gaji al'adar, mun kuma sauya ɗakin.

Gilashi ma a wannan zamani ya fara shiga tsakaninmu da wuta. Fitilar aci-balbal harshenta a fili yake, iska ta kashe shi ko ta kwantar da shi a kan zane. Fitilar ƙwai ta zo ta killace harshen cikin gilashi, haske ya fito, iska ta kasa taɓa shi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake goge ƙwan fitila da toka kafin magariba ya san abu biyu game da ita. Na farko, tana da ƙofofin iska a sama da ƙasa, idan suka toshe sai ta yi hayaƙi ta mutu. Na biyu, ƙwan da ke tsare wutar shi kansa yana ƙuna, kuma yara da yawa a jikinsa suka fara sanin zafi. Raga kuwa tata hikimar ta bayyana a Ingila tun 1815, lokacin da Humphry Davy ya ƙera wa masu haƙar kwal fitilar da aka kewaye harshenta da lallausar ragar ƙarfe. Iska na shiga, amma ƙarfen na shanye zafin harshen, ya hana shi fita ya kunna iskar ramin.

ZUWAN GAS

Shekarar 1983 ba ta ɓacewa a zukatan waɗanda suka gan ta: fari, yunwa, wutar daji da ta cinye gonaki da koko, ga kuma 'yan ƙasa kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya. Bayanta hukuma ta ƙara damuwa da ƙarewar itatuwa. A 1990 aka yi dokar hana ƙona daji, a daidai wannan lokaci kuma aka fara shirin jawo hankalin jama'a zuwa girki da gas ɗin da matatar mai ta Tema ke fitarwa. A 2002 aka fito da kurfoti mai cikin yumɓu da ake kira Gyapa, wato wuta mai kyau a harshen Tuwi, wanda ke rage cin gawayi domin yumɓun na riƙe zafi. A 2013 aka ƙaddamar da shirin raba tukwanen gas ga mutanen karkara a Garu, maƙwabciyar Bawku.

Gas alheri ne ga idanu da ƙirjin iyayenmu mata, waɗanda hayaƙin itace ya daɗe yana cutarwa, alheri ne kuma ga itatuwan kaɗanya da ake sarewa a yi gawayi. Sai dai halinsa daban ne da na duk wutar da muka saba da ita. Itace da gawayi sai sun kama ake tsoronsu, shi kuwa gas tun kafin ya kama yake da haɗari. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa ya taru a lungu da kusurwa. Shi kansa ba shi da wari, warin da ake ji wani sinadari ne da aka zuba masa da gangan domin hanci ya faɗakar. Ƙasa baki ɗaya ta ga ƙarfinsa ranar 7 ga Oktoba 2017, da wata tashar gas ta fashe a mahaɗar Atomic a Ankara, aka yi hasarar rayuka, da yawa suka jikkata. Bayan haka ne hukuma ta ɗauki tsarin musayar tukunya, mutum ya kai wofi ya karɓi cikakkiya da aka duba lafiyarta, maimakon a yi ta ɗura tsohuwa a tsakiyar unguwa.

TO, RAGA KO GILASHI?

Yanzu sai mu koma ga tambayar 'ya'yanmu. Tarihin da muka bi ya nuna kowane shamaki yana tare abu ɗaya ya bar wani ya wuce. Toka ta tare iska ta bar garwashi da rai. Jinka ta bar hayaƙi ya fita, ta kasa tare tartsatsi. Kwano ya tare tartsatsi, ya riƙe guba a ɗaki. Don haka kafin a zaɓa sai a san wane irin murhu ne, kuma wa ake son tsarewa.

Murhun gas na jin ɗumi iri-iri ne. Akwai wanda aka ƙera a rufe ruf da gilashi, yana jan iska daga waje ta bututu yana mayar da hayaƙinsa waje. Wannan gilashinsa ɓangare ne na jikinsa, ba a cire shi, ba a kunna shi idan ya tsage. Amma gilashin kan yi zafin da ya haura digiri 200, yana kuma daɗewa bai huce ba bayan an kashe. Yara masu rarrafe da yawa sun ƙone tafin hannu a jikinsa, shi ya sa daga 1 ga Janairu 2015 aka wajabta a Amurka cewa sababbin irinsa su zo da ragar kariya a gaban gilashin. Ga mai irin wannan murhu amsar ita ce duka biyu, gilashi a ciki, raga a waje. Akwai kuma buɗaɗɗe, wanda ke shan iskar ɗaki. Shi raga ce tasa. Idan an sa masa ƙofar gilashi, a buɗe take zama muddin yana ci, sai an kashe ya huce ake rufewa. Wanda ba shi da bututun hayaƙi kwata-kwata ba a yi masa ƙofar gilashi. A kowane hali takardar maƙerinsa ce alƙali, a kuma kira ma'aikacin da ya san aikin, a sa na'urar da ke ƙara idan iskar guba ta taru. Kasancewarsa a kusurwa na ƙara wajabta lura, domin nan ne labule da kujera da kayan wasan yara suka fi matsowa.

Kada kuma a raina ƙofa. Ranar 9 ga Janairu 2022 gobara ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki a wani dogon bene a Bronx, mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Wutar ba ta yi nisa ba, hayaƙi ne ya bi ta ƙofofin da ya kamata su rufe kansu amma suka tsaya a buɗe. Allah ya gafarta musu.

Mu da ke gida, wanda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 a Bawku, ba mu da buƙatar murhun falo, amma hukuncin ɗaya ne. Tukunyar gas raga take so: a ajiye ta a tsaye a waje ko a baranda cikin kejin ƙarfe mai shan iska, kada a kulle ta a kabad ko a tura ta kusurwar ɗakin kwana. A riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da kan tukunya, idan ya yi kumfa akwai yoyo. Tiyon da ya tsufa a sauya shi. Idan an ji wari kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Kurfoti kuwa kada ya kwana a ɗaki komai sanyi, a ji ɗumi a fitar da shi, a ƙara bargo. Inda akwai mai rarrafe a kewaye murhu da abin da zai tare shi. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112, a koya wa kowa a gida.

Magabata sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, gemun kowa a haɗe yake da na maƙwabcinsa. Muna kira ga sarakunan zango da limamai da magajiyoyi da shugabannin samari su sa wannan magana cikin huɗuba da tarukan suna da na biki kafin hunturu ya kankama, masu gidajen haya kuma su ware wurin girki mai iska tun a wajen gini. Dattawanmu na Salaga da Yendi da Bawku da suka riski zamanin jinka da ɗebo wuta, muna roƙon su ƙara mana da abin da suka gani, domin na baya su amfana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu da zuriyarmu daga gobarar duniya da wutar lahira, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.